Tambayoyinku: Wai ƙwayoyin tazarar haihuwa taruwa suke a mahaifa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Yarana uku kuma duk kwanika nake yi, da na yaye na ukun sai ni da maigida muka je asibiti aka ba ni ƙwayoyin tazara. Toh jiya maƙwabciyata ta ga katin a kan madubi ta ce wai taruwa suke a mahaifa daga baya haihuwar ta tsaya gaba ɗaya, wallahi ko bacci ban yi ba. Kuma guda bakwai ɗin nan masu ruwan ƙasa na ƙarshen katin na meye?
Daga wata 'yar'uwa a Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki. Ƙwayar da kika haɗiya ko hanyar mahaifa ba ta bi, hanji take wucewa kamar farasitamol, ta narke ta shiga jini, hanta ta sarrafa ta, cikin kwana ɗaya zuwa biyu yawancinta ya fita ta fitsari da bahaya. Kinga da taruwa take ai da babu matar da za ta manta kwana uku ta wayi gari da ciki, kuma irinsu suna nan da yawa a layin awo.

Abin da ke cikinta kwaikwayon sinadarai biyu ne da jikinki dama yake yi, istrojin da furojestaron. In suna yawo a jini kullum sai ƙwaƙwalwa ta daina aika saƙon a saki ƙwai, majinar bakin mahaifa kuma ta yi kauri maniyyi ya kasa ratsawa. Kina dainawa aiki ya koma yadda yake, wata ma a watan farko take ɗauka.

Amma fa tsoron da mutane ke ji ba daga sama ya faɗo ba, a tarihin maganin akwai abin haushi. A 1951 ne masana a birnin Meziko, ciki har da Carl Djerassi da wani ɗalibi Luis Miramontes, suka haɗa irin sinadarin da za a iya haɗiya, kuma tushensa wata doyar daji ce ta can. A Amurka 'yar fafutukar tazarar haihuwa Margaret Sanger ta matsa, attajira Katharine McCormick ta zuba kuɗi, Gregory Pincus da likita John Rock suka yi aikin. Sai a 1956 aka kai gwajin ƙwayar tsibirin Fuwato Riko kan talakawan mata ba tare da an fayyace musu cewa gwaji ne ba, suna kukan jiri da amai ana cewa raki ne, uku suka rasu kuma ba a binciki gawarsu ba. A 1960 Amurka ta amince da ƙwayar tazara ta farko, Enovid, mai istrojin maikirogiram 150. Na hannunki bai wuce 30 ko 35 ba, kinga bambancin ai ba kaɗan ba ne.

Su kuwa bakwai ɗin nan babu maganin hana ciki a cikinsu, yawanci na ƙarin jini ne, an sa su ne kar hannunki ya saba da fashi kuma a makon ne jini ke zuwa. Su Pincus ne suka tsara hutun dan mace ta riƙa ganin jini duk wata kamar al'adarta, Rock ma da yake ɗan Katolika ne ya sa rai cocinsu zai amince, sai Fafaroma ya ƙi a 1968.

Ni abin da ya fi damuna mantuwa ce. In ana sha daidai, a mata 100 ko ɗaya da ƙyar ke ɗaukar ciki a shekara, amma da irin shan da muke yi na yau an sha gobe biki ya ɗauke hankali sai ya kai wajen 7. Ki liƙa shi da sallar isha'i, in kin manta ɗaya ki sha da kin tuna ko da biyu ne rana ɗaya.

Sannan ina fata nas ɗin ta gwada hawan jininki kafin ta miƙo miki. Mai hawan jini, mai ciwon kan ɓari guda da ke sa ganin walƙiya, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, wannan nau'in ba nasu ba ne, maganin tarin TB kuma yana rage masa ƙarfi. In kika ji ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe numfashi yana sama-sama, ajiye katin ki tafi asibiti a ranar.