Amsa ga mai tambaya kan yanar da aka ce ta fara wa mahaifiyarta

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce likita ya ga yana ta fara mata, kina tambaya ko akwai maganin ɗigawa da zai wanke ta. Na daɗe ina aikin jinya a sashen ido, kuma sunan nan "yana" shi ke ruɗar mutane. Ba wani abu ba ne ya lulluɓe idon daga waje. Madubin da ke can bayan baƙin ido ne yake dusashewa daga cikinsa.

Ƙwayoyin halittar tsakiyar madubin nan ba a sabunta su. Waɗanda aka haifi Mama da su, su ne har yau, sababbi sai dai su yi ta hawa kansu. Kowace tana da tantanin da ya kewaye ta, mai ɗauke da 'yan ƙofofin da ruwa da sinadarai ke bi, tunda madubi ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Da shekaru suka ja, kitsen tantanin yakan sauya ya ƙara tauri, kiristalin, wato furotin ɗin da ya cika ƙwayoyin, wanda ya kamata ya zauna a narke, ya riƙa manne wa tantanin. Daga wajen shekara 40 sinadarin gulutatayon, mai kare furotin daga lalacewa, ba ya isa tsakiya yadda ya kamata. Sai furotin ya cure, haske ya tarwatse maimakon ya ratsa. Wannan ita ce yanar tsakiya. A yanar da ke farawa daga gefen madubin kuwa, tantanin yoyo yake yi, sinadaran sodiyam da kalsiyam su kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura. A na'urar duba ido mukan ga fararen layuka sun taso daga gefe kamar sifokin keke.

Ba na manta wata dattijuwa da ta zo tana murna, wai ta koma zura zare a allura ba tabarau. Na ji nauyin gaya mata cewa tsakiyar madubin ne ya taurare, shi ya sa na kusa ya fito, na nesa ya gudu.

Har yanzu babu maganin ɗigawa da aka tabbatar yana mayar da curarren furotin. Don Allah kada a sa mata komai a ido ba da sanin likita ba. Idan tana da ciwon suga a riƙe shi da kyau, ta guji hayaƙin taba, ta kare idonta daga rana mai ƙarfi, a sauya mata tabarau in an buƙata. Ranar da hazon ya fara hana ta karatu ko gane fuskar jikokinta, ku koma a yi maganar aiki, a cire madubin a sa na roba.