Tambaya da Amsa: Ludo, Barkwanci da Harshen Latin

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim. Bayan la'asar samari kan baje allon ludo a gindin darbejiya, sai wani ya ce sunan wasan nan daga harshen Latin yake. Gaskiya ne? Kuma in mutum ya zolaye ka ya ce "wasa nake", kalma ɗaya ce da ta wasan ludo a Latin, kamar yadda take a Hausa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Ludo a Latin na nufin "ina wasa". Asalin wasan daga Indiya yake, inda ake kiransa pachisi, sai a ƙarshen ƙarni na sha tara aka yi masa rajista a Ingila da wannan suna.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Bahaushe ya zuba langa da dara da zolayar jika da kaka duk a ƙwarya ɗaya, ya ce wasa. Rumawan dā kuwa, masu harshen Latin, raba su suka yi: wasan da ake yi a aikace ludus ne, na fatar baki kuma iocus, ana furta shi "yokus".

Aikatau ɗin ludus shi ne ludere. Ƙarshen kalma ne ke nuna mai yin aikin: ludo ina wasa, ludis kana wasa, ludit yana wasa, ludimus muna wasa, ludunt suna wasa. Inda mai koyo ke tuntuɓe shi ne shuɗaɗɗen lokaci, domin harafin d yana faɗuwa, s ya maye gurbinsa: lusi, na yi wasa. Wanda ya ce ludi ya faɗi wani abu dabam, wato "wasanni", jam'in ludus, sunan da ake ba manyan bukukuwan kallo irin su tseren keken doki a birnin Rum. Abin da ake wasa da shi ba a sa masa kalmar "da" a gaba, siffar sunan ce ke ɗauke da ita: pila ludere, wasa da ƙwallo. A kula da wannan sosai, don in mutum ne aikin ya faɗa wa kai tsaye, ma'ana ta juya. Me ludis na nufin "ba'a kake min" ko "yaudarata kake".

Ga wani abu da ya shafe ka, Malam. Makarantar yara ma ludus ake ce mata, malaminta kuma ludi magister.

Shi kuwa iocus namiji ne a tilo, amma jam'insa biyu ne: ioci, da kuma ioca wanda ke cikin jinsi na uku, ba namiji ba mace. Duka biyun daidai ne. Aikatau ɗinsa iocari yana cikin rukunin da ke da siffar "an yi min" amma ma'anar "na yi". Don haka "wasa nake" da ka tambaya iocor ne, da r a ƙarshe. In aka yar da r ɗin aka ce ioco, an koma suna, ma'ana "cikin raha", daidai da per iocum. In za a koma magana ta gaskiya sai a ce extra iocum, "ban da wasa", kamar yadda Cicero, shahararren marubucin Rum na dā, ya rubuta a wasiƙunsa.

Akwai kuma sal, gishiri, wanda da shi Rumawa ke nufin iya barkwanci mai ma'ana. Kada a haɗa shi da namu "ƙarin gishiri", wanda ke nufin zuzuta labari.

Daga baya iocus ya cinye filin ludus a bakin jama'a. Daga gare shi jeu na Faransanci, gioco na Italiyanci da juego na Sifaniyanci suka fito, kuma da su ake kiran wasan ƙwallo da na ludo a yau.