Amsa ga Hajiya kan karatun lauya a jami'a

Assalamu alaikum. Hajiya, na saurari saƙonki game da yarinyar wajenki da take son karatun lauya, kuma na fahimci ainihin tambayarki ita ce yaushe za ta gama ta fara aiki. Digirin shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara 4 ga wanda aka ɗauka kai tsaye aji biyu, amma wannan takarda ita kaɗai ba ta mayar da mutum lauya ba. Sai ta ƙara shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962, yanzu hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana da rassa a Bagauda da Yola da wasu garuruwan, sannan a rantsar da ita, sannan bautar ƙasa.

Abin da nake so ki sa wa ido shi ne gurbi. Hukumar kula da ilimin lauyoyi ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta tura makarantar a shekara, to sai wata jami'ar ta kwashi ninkin abin da aka ba ta saboda kuɗin makaranta. Ɗan maƙwabcina haka aka yi masa, ya gama da sakamako mai kyau, ya zauna a gida yana jiran layi, ƙannensa na bayansa suna zuwa ɗaurin aure da motocinsu, uban kuma har gona ya sayar. Da muka je neman bayani, wani jami'i cewa ya yi mu yi haƙuri, kamar haƙurin ne zai dawo da gonar. Har yau abin yana ci mini rai, amma bari in bar shi nan.

Ya kamata yarinyar ta tabbatar tana da kiredit a Adabin Turanci, domin nan ne yaranmu suke yawan faɗuwa. Idan tana sha'awar shari'ar Musulunci, Bayero tana haɗa ta da dokar Turawa a digiri ɗaya, haka ma akwai sashenta a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma sanin Larabci zai taimake ta wajen gado da aure. Sauran kuwa karatu ne tuƙuru: dokar yarjejeniya, dokar filaye ta 1978, kundin tsarin mulki na 1999, da dokar laifuka ta Arewa, wadda ta bambanta da ta Kudu. Kafin ku biya ko sisi, ki turo mini sunan jami'ar in bincika gurbinta.