Siyasa ta raba ni da yayana, ta ina zan faro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya muke. Tun zaɓen gwamna na 2023 muka daina zama majalisa ɗaya, shi APC ni PDP. A gaban jama'a ya ce mu mayunwata ne da aka saya da taliya da atamfa, ni kuma na mayar masa cewa nasu ne suka bar jihar a hannun 'yan bindiga. Yanzu sai gaisuwa, ita ma a tsaye. Bayan salla za a aurar da ƙanwarmu, mahaifiyarmu ta rasa sukuni. Yaya zan yi?
Mai karatu daga Talata Mafara

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, ka fara cire wa ranka cewa za ka je ka jawo shi jam'iyyarka ne. In ya hango wannan niyyar, zancen ya mutu tun a zaure. Kai ɗan Zamfara ne, ka ga yadda kujerar ke juyawa. A Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC saboda matsalar zaɓen fidda gwani, Bello Matawalle ya hau a PDP, a Yunin 2021 ya koma APC, a 2023 Dauda Lawal ya kayar da shi. Manyan kan sauya sheƙa su ci tuwo tare, a bar 'yan uwa da gaba.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai cewa "an saye ku da taliya" sau da yawa tsoro ne ke cinsa: a canza gwamnati ya rasa ɗan aikin da yake riƙe da iyali, ko a daina jin maganarsa a unguwa. Kai ma da ka ambaci 'yan bindiga, wataƙila gonar da ka kasa zuwa ce ke maka ciwo, ko wani naka da aka sayar da shanu aka biya masa kuɗin fansa. Wannan buƙatar da ke ƙarƙashin zagin ita za ku tono.

Kada ka tare shi a majalisa, kada ka rubuta masa a zauren WhatsApp na dangi. Babba ba ya sauka a gaban idon mutane. Je gidansa bayan la'asar ko bayan isha'i, kai kaɗai, waya a aljihu, zaman kada ya wuce rabin awa. In ka san ba zai saurare ka ba, a sa kawu ko gwaggon da yake jin nauyi ta share fage tukuna.

Bayan gaisuwa, faɗi abin da ya faru tsurarsa, ba ƙari ba fassara: "Yaya, ranar nan a majalisa ka ce an saye mu da taliya, ni kuma na faɗa maka maganar da ba ta dace da ƙane ba." Ka guji "kullum kai haka kake" da "ku 'yan jam'iyyar nan". Da ka ce "ku", ya daina zama yayanka, ya koma kakakin jam'iyya. Daga nan faɗi abin da ka ji da dalilinsa: "Maganar ta yi mini zafi, don ina so ka ɗauke ni mai hankalin da zai zaɓa da kansa." Sai ka tambaye shi: "Me ka fi jin tsoro da gwamnati ta canza?" Ka kama bakinka.

Nan ne yawanci ake ɓata rawa da tsalle. Zai yi magana mai ɗaci, harshenka zai yi ta ƙaiƙayin gyara masa lissafi. Bar shi ya kai aya, sannan ka maimaita masa abin da ka fahimta: "Wato damuwarka ita ce kada yaran nan su rasa abin makaranta, haka ne?" In ya ce ba haka ba ne, ka sake tambaya. Kada ka biyo da "amma", domin tana rushe duk abin da ka gina. Kada kuma ka zaro bidiyo daga waya a matsayin hujja, shi ma yana da nasa goma.

Ka rufe da roƙo ɗaya ƙarami wanda zai iya yi a makon nan, misali ku je wurin masu kayan ɗaki tare, ko ku amince ba maganar jam'iyya har a kai amarya. Neman ya janye maganarsa a bainar jama'a ya yi girma a zaman farko. In ya ƙi, ka yi godiya ka tashi, ka dawo bayan mako guda da wani uzurin na biki.

TAMBAYA: A wurin aikinmu wata takan ce duk Bafulatani ɗan bindiga ne. In na saurare ta kamar na yarda ne, in na musa sai rigima.
Wata malama daga Gusau

AMSA: Malama, sauraro daban, amincewa daban. Ki karɓi ciwon, ki ƙi kuɗin goron. Ki same ta ita kaɗai ki tambaya ko abin ya taɓa wani nata. In ta ba ki labari, ki jajanta mata da gaske kafin komai. Sannan ki faɗi matsayinki a jimla ɗaya: ke ma kina son a hukunta masu laifi, sai dai akwai Fulanin da aka kore wa shanu, akwai waɗanda 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba tare da shari'a ba, su ma tsaron nan suke nema. Ki tambaye ta ko ta san wani Bafulatani da ta yarda da amanarsa, mai kawo nono ko maƙwabci ko suruki. Da wuya a Gusau a rasa. In ta ambaci suna, ki bar zancen a nan, kada ki ce "to kin gani". Idan kuwa maganarta ta kai ga kiran a far wa wasu, wannan ya wuce hira, ki sanar da shugaban wurin aikin.