Kar ka sa -k, gyara satifiket ɗin

Kana tambaya ko kawai ka sa -k (zaɓin da ke tsallake duba satifiket) a curl, manhajar da ake kiran saba da ita, tunda sabarku ta cikin ofis na ta ƙorafin satifiket. A'a malam, kar ka sa. Manyan abu biyu ake dubawa: waye ya sa hannu a satifiket ɗin, sannan sunan da ka buga yana ciki ko babu. Na farkon ka ba curl fayil ɗin CA naku, wato mai sa hannu a satifiket ɗinku, da --cacert, shikenan. Na biyun ne na ga ya fi kama mutane, mutum ya buga IP (lambar adireshin sabar) alhali sunan sabar ne a cikin SAN, wato jerin sunayen da ke cikin satifiket ɗin, ai dole ya ƙi, to ka kira ta da sunanta, in DNS (mai juya suna zuwa IP) bai san sunan ba ka haɗa sunan da IP ɗin ta hanyar --resolve.

Da -k bayanan a rufe suke tafiya dai, amma fa ba ka san da wa kake magana ba, duk wanda ya shiga tsakani ya miƙo nasa satifiket karɓa za a yi. In kuma sabon satifiket za ka yi ka sa sunan a SAN, Chrome ma tun 2017 ya daina kallon CN, wato tsohon gurbin da ake sa suna a satifiket.