Tambayi Malama: Birane Shida a Kwana Bakwai?

Assalamu alaikum. Tun da na yi suɓutar baki a wannan fili cewa na koyar da Faransanci shekaru da dama a nan Kaduna, kuma 'yata tana aure a Lyon, wasiƙu a kan Faransa suka yi mini rubdugu. Huɗu na tsamo wannan makon. Masu tambaya a kan makarantun kwana su yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Malama, barka da aiki. Shadda da leshi nake sayarwa a babbar kasuwa. Shekara 25 muna tare da uwargida, ban taɓa fita da ita ko'ina ba sai Umra, shi ne na yi mata alkawarin Faransa. Wani ejan ya tsara mana kwana bakwai: Faris, Lyon, Nice, Marseille, Bordeaux da Strasbourg. Ya yi, ko da gyara?
*Alhaji, daga Unguwar Rimi*

Alhaji, Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya sa sauran maza su gani su yi koyi. Amma ejan ɗin nan naka, ko dai bai taɓa taka Faransa ba, ko kuwa yana da wata a ƙasa da Hajiya. Ɗauko taswira ka gani. Strasbourg tana gabas, bakin iyakar Jamus. Bordeaux tana kudu maso yamma. Nice tana can dab da Italiya. Wannan ai jigilar akwati ce, za ku dawo ba abin da kuka sani sai tashoshin jirgin ƙasa.

Gari biyu sun ishe ku: Faris kwana huɗu, Marseille kwana biyu, ɗayan kuma hanya ta cinye.

Daga Abuja awa shida ne ko sama da haka kaɗan zuwa filin jirgin Charles de Gaulle. Ranar farko kada ku ɗora wa kanku komai. In rana ta faɗi ku je dandalin Trocadéro, wanda ke fuskantar Hasumiyar Eiffel daga ƙetaren kogin Seine. Da dare, duk sa'ar da awa ta cika, hasumiyar kan yi ƙyalƙyali na minti biyar daga sama har ƙasa, kuma ba wanda zai tambaye ku ko sisi. An gama ta a 1889, tsawonta yanzu mita 330. In za ku hau, ku sayi tikiti ta intanet tun kuna gida, kuma ka tabbata na lif ne. Akwai mai araha na hawa da ƙafa, matakala 674 zuwa hawa na biyu. Ni na taɓa yin wannan gangancin don ƙyashin 'yan Yuro, kwana biyu ina salla a zaune.

Gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata. Kowa hoton Mona Lisa yake zuwa gani, to bari in rage muku zumuɗi: santimita 77 ne a tsaye, 53 a kwance, bai wuce kalandar da bankuna ke rabawa a ƙarshen shekara ba. Yana bayan gilashi, gabansa cincirindon mutane kowa ya ɗaga waya, masu gadi na cewa a matsa. Ku gan shi don kada a yi muku gori, sannan ku tambayi sashen kayan ƙasashen Musulmi da aka buɗe a 2012. Can ba cunkoso. Akwai dardumai, tasoshin tagulla da aka zane da azurfa, fitilun gilashi na masallatai masu ayoyi a jiki. Mai idon tufa irinka zai yi awa biyu a wurin bai sani ba.

Rana guda ku ba fadar Versailles, jirgin RER C ke zuwa, su kuma Litinin suke rufewa. Sarki Louis na 14 ya mai da fadarsa can a 1682. Akwai wani zaure mai tsawon mita 73 da madubai 357, a cikinsa aka sa hannu kan yarjejeniyar 1919 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. In Hajiya ta dawo ta raina kayan ɗakinta, babu ruwana.

Sai maganar aljihu. A matakalar Montmartre, wajen cocin Sacré-Cœur, za ka ga samari riƙe da zare, baƙaƙe 'yan'uwanmu, suna washe baki suna kiranka ɗan'uwa. Da ka miƙa hannu an ɗaura maka zaren, sai ka biya. Ka sa hannunka a aljihu ka wuce, ba a nan ake nuna tarbiyya ba. Ni a jirgin ƙarƙashin ƙasa aka yi mini tawa. 'Yan mata uku, ba wadda ta kai shekara 16, suka shigo tare da ni. Ɗaya ta tsaya a ƙofa kamar ta rasa inda za ta, biyu suka matse ni ta baya. Ƙararrawar rufe ƙofa na kaɗawa suka yi tsalle suka fice. Sai da muka wuce tasha biyu na ga zip ɗin jakata a buɗe, ƙaramar jakar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har da hoton jikata a ciki, wanda shi ya fi yi mini ciwo. Aljihun gefe na kaftani kuwa, Alhaji, sadaka ce ka fito da ita. Ka sa tela ya yi maka na ciki.

Gari na biyu, da a ce kai kaɗai ne da Lyon zan tura ka, awa biyu daga Faris. Garin masaƙan siliki ne, kuma can aka haifi Joseph-Marie Jacquard, wanda ya ƙera masaƙar da ke fitar da zane a jikin tufa a farkon shekarun 1800. Furannin da ke jikin shaddar shagonka da irin wannan saƙa ake yin su. A unguwar Croix-Rousse har yau ana nuna tsofaffin masaƙun suna aiki. Amma tafiyar ta Hajiya ce, kuma abincin gargajiyar Lyon rabinsa alade ne.

Saboda haka Marseille, su Marsey suke cewa. Jirgin TGV daga tashar Gare de Lyon awa uku ne da 'yan mintoci, tafiyar kilomita wajen 750, yana gudun 300 a awa, shayinka bai zube ba. Girkawa suka kafa garin kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Da safe ku je tsohuwar tashar jiragen ruwa, Vieux-Port, inda masunta ke baje kifin da suka kamo, wani yana motsi. Daga nan ku taka zuwa kasuwar Noailles: dabino, zaitun, na'ana'a, kayan yaji a buhu, Larabci ta ko'ina, ga mahauta na halal. Hajiya za ta saki jiki a nan fiye da ko'ina. Da la'asar ku hau mota zuwa dutsen Notre-Dame de la Garde, ku ga gari da Bahar Rum a ƙarƙashinku. Tsaraba kuma sabulun Marsey, yana da auki wajen rabo.

Biza ta Schengen ce, wato ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Turai har da Faransa, kuɗinta Yuro 90 ga babba, sai inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000. Takardun bankinka na gaskiya za ka kai, kada ejan ya ce zai gyara maka su.

Anti, mijina zai je taro Faris a watan Yuni, ya ce in raka shi. Ni kuma niƙabi nake sawa, an ce mini kama mutum suke yi. Gaskiya ne? Yaya batun salla da abinci?
*'Yarki, daga Unguwar Dosa*

'Yata, ba zan ɓoye miki ba. Tun watan Afrilun 2011 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a a Faransa: titi, kasuwa, jirgi, gidan tarihi. Tarar takan kai Yuro 150, kuma ba a ware baƙi ba. Ki zauna da maigidanki, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi, ku yanke shawara tun kafin a sayi tikiti. Hijabi da abaya kuwa, muddin fuska a buɗe take, ba mai hana ki a titi. Dokar 2004 da kike ji ta hana hijabi, ta ɗalibai ce a makarantun gwamnati. Ni da mayafina na zaga ko'ina. Wani tsoho zai kalle ki ya ɗauke kai, ki ba shi iska.

Ki je Babban Masallacin Faris, kusa da tashar Place Monge. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, hasumiyarsa mita 33. Tsakar gidan shuke-shuke ne da ruwa na gudana, bango duk tayil kore da shuɗi irin na Maroko. A gefe akwai wurin shan shayin na'ana'a, inda tsuntsaye ke sauka kan tebur su tsinci gutsuren alawarki, ba kunya ba tsoro.

Abin da zai ba ki mamaki a Yuni lokacin salla ne. Rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, isha'i ta kusa sha biyu, kafin ki yi juyi biyu asuba ta yi. Kada ki bi agogon cikinki, ki sa manhajar lokutan salla a waya. Banɗakinsu ba buta, ki riƙa yawo da ƙaramar gora a jaka.

Kalmomi huɗu ki haddace don ki guje su: porc, jambon, lardons, duk alade ne, sai vin, giya, wadda suke zubawa har a miya. In kewar gida ta taso, layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai ki Château Rouge. Kina fitowa daga tasha ƙanshin busasshen kifi zai tare ki, ga kuɓewa, ga doya, ga attaruhu, ga atamfa a rataye. Can na taɓa jin wata tana faɗa da Hausa a waya, na bi ta na yi sallama, ashe 'yar Damagaram ce, muka tsaya hira kamar mun shekara da sanin juna.

Abu ɗaya kuma: duk shagon da kika shiga ki fara da bonjour, a ce bonzhur. Wurinsu shiga ba gaisuwa kamar shiga gidan mutane ne ba sallama. Rabin labarin rashin mutuncin Faransawa daga nan ya samo asali.

Malama, ni ɗalibin tarihi ne, ɗan Kwoi. An ce akwai gumakan Nok a Faris. Da gaske ne, kuma yaya aka yi suka je can?
*Ɗalibi, daga Barnawa*

Da gaske ne, ɗana, kuma kai ka fi ni kusa da maganar, tunda Nok tana ƙaramar hukumarku ta Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928. A shekarar 2000, da Shugaba Jacques Chirac ya buɗe wani sashe na kayan Afirka da wasu nahiyoyi a Louvre, aka ga sassaƙen yumɓu uku daga Nijeriya, biyu na Nok, ɗaya na yankin Sakkwato. A hannun dillali aka saye su, alhali dokarmu ta hana fitar da irinsu. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. A 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. Sai ka yi lissafi da kanka.

Ranar da na tsaya gaban ɗaya daga ciki, wata malama ta shigo da 'yan firamare, suka zauna a ƙasa da fensir suna zana shi. Idanun nan masu kusurwa uku, da hujin ƙwayar ido, da kitson da aka yi sama da shekara 2,000 amma kamar jiya aka tashi daga wurin makitsiya. Wani yaro ya tambayi daga ina, malamar ta ce Nijeriya. Ban san lokacin da na ce mata jihar Kaduna ba, garinmu. Yara suka juyo suna kallona kamar ni ma daga cikin gilashin na fito. Har yau ban tantance ba ko daɗi na ji ko takaici.

In ka samu zuwa, ka haɗa da gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a 2006, 'yar tafiya ce da ƙafa daga Hasumiyar Eiffel. Daga wannan gidan tarihin aka kwashe kayan fadar Abomey guda 26 aka mayar wa Jamhuriyar Benin a Nuwamban 2021. Kafin kuɗin jirgi su samu kuma, akwai na Nok a gidan tarihinmu na titin Ali Akilu.

Anti, wai da gaske titunan Faris ƙamshin turare suke yi?
*Mai haɗa humra, daga Tudun Wada*

Ƙanwata, wanda ya gaya miki bai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da rani ba. Garin turare sunansa Grasse, yana kudu, ba nisa da Nice. Can ake noman yasmin da fure mai suna rose, kamfanoni irin su Fragonard suna zagawa da baƙi kyauta su ga yadda ake tatso man. In za ki yi sari, ki zuba kwalaben a babban akwati, don duk wadda ta wuce mililita 100 ana iya karɓe ta a jakar hannu.