An ƙulla mini farin gari don alewata ta daina fumfuna, ga shi ɗana ya kwana yana amai

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi. Tun da na ji cewa yawancin alewar kanti mai danƙo da jelatin ake yin ta, kuma ba a sanin na wace dabba ne, na hana yarana ita. Na koma yi musu da kaina da garin agar-agar (garin ciyawar teku mai sa ruwa ya daskare) da ruwan abarba, kankana ko sobolo (zoɓo), babu komai na dabba a ciki. Maƙwabta suka gani suka fara saye, har ina kai wa yaran makaranta. Matsalar ita ce bayan kwana biyu ko uku sai ta fara tsatso ruwa ta yi fumfuna. Wata mai sayar da kayan kek a kasuwa ta ƙulla mini wani farin gari a leda, ba suna ba takarda, ta ce in zuba babban cokali ɗaya a tukunya, wata guda babu abin da zai sami alewar. Na zuba a wadda na yi shekaranjiya da ruwan kankana lita ɗaya. Ɗana ɗan shekara huɗu ya sha da yawa, ya kwana yana amai da murɗar ciki. Hankalina a tashe yake. Garin ne ya jawo? Kuma ga saura cike da roba, na sayarwa ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba yaro lafiya. Ki ajiye zancen alewa tukuna, ki dubi yaron. Idan leɓensa ko farcensa sun yi duhu-duhu kamar shuɗi, ko numfashi yana yi masa wuya, ko ya yi laushi yana ta barci ba ya son tashi, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko kin ga jini a bayan gidansa, kada ki jira gari ya sake wayewa. Ki kai shi asibiti mafi kusa, in ta kama har babban asibitin Komfo Anokye, ki riƙe ƙullin garin da ɗan alewar a hannu ki nuna wa likita. In kuwa aman ya lafa yana wasa, ki riƙa ba shi ruwan ORS kaɗan-kaɗan, amma duk da haka ki bari ma'aikacin lafiya ya gan shi yau. Kada ki ɗura masa manja ko madara don wai su kashe guba, kuma kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro.

Sauran alewar da ke cikin roba kuwa, zubarwa za ki yi, duka. Kar ki bai wa yaran maƙwabta, kar ki ce manya za su iya shanyewa. In kin riga kin sayar da wani kashi na wannan tukunyar, ki daure ki bi gidajen ki faɗa musu.

Ko garin ne ya jawo, ko alewar ce ta lalace, abu biyu ne da kowanne zai iya sa yaro amai, kuma a tukunyarki suna iya haɗuwa a lokaci guda. Kin riga kin san agar-agar sai ya tafasa sosai yake narkewa, yana daskarewa tun yana da ɗumi, wajen digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin Celsius, kuma ba ya sake narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85. Shi ya sa yake tsayawa ƙyam a zafin Kumasi, inda jelatin zai saki jiki. Wannan tsayuwar ce take yaudarar mutane. Suna ganin abu ya daskare yana ƙyalli sai su ɗauka ya zama alewar ajiya, alhali kusan duk nauyinsa ruwa ne. Tun shekarun 1880 masu binciken ƙwayoyin cuta suke amfani da agar-agar a ɗakin gwaji don renon ƙwayoyin: a zuba masa ruwa da abin da ƙwayar za ta ci, a ajiye a wuri mai ɗumi. Ruwan kankana da ɗan sukari da agar-agar a kan tebur a Aboabo, da zafin rana da laimar damina, kusan haɗin nan ne kika yi. Ruwan da kike gani yana tsatsowa ɗabi'ar agar-agar ce, kuma a kansa fumfuna take fara zama.

Yanzu sai mu zo kan garin, don a nan ne raina yake ɓaci. Da wuya in zauna da mata masu sarrafa abinci, ko masu sobolo ne, ko masu lamurje, ko masu burkina, a tashi ba wata ta ciro irin wannan ƙulli daga jakarta ta ce “Malama, duba mini wannan” ba. In na tambayi sunansa sai a ce maganin kar-ya-lalace. Nawa ake zubawa? “Ai da ido ne.” Wa ya faɗa? “Ai kowa haka yake yi, kuma ɗan kaɗan ba ya komai.” Wannan magana ta ɗan kaɗan ba ya komai ita ce nake yaƙi da ita kullum, don ta zauna a kan mutane daram.

Da farko, ni da nake wannan aiki ba zan iya duban farin gari in faɗa miki sunansa ba, kuma duk wanda ya ce zai iya, cika baki yake yi. Sodiyam benzowet fari ne. Fotasiyam sobet fari ne. Metabaisalfayit fari ne, kuma an san yana tayar wa wasu masu asma ciwonsu nan take. Naitirait da ake sa wa nama ma fari ne, kamar gishiri, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya hana jinin yaro ɗaukar iskar numfashi, wanda shi ne dalilin da na ce ki dubi leɓensa. Mai yiwuwa ita kanta mai sayarwar ba ta ga buhun da aka ɗebo shi ba. Ta saya a hannun wani da ya saya a hannun wani, kowa yana rarrabawa a ƙananan leda, har takardar da ke jikin buhun asali ta ɓace a hanya.

Mu ɗauka ma kin yi sa'a benzowet ne na abinci, wanda shi ne aka fi yawo da shi. Iyakar da aka saba ƙayyade masa ba ta wuce giram 1 a kowane kilo na abinci ba. Giram ɗaya, 'yar'uwa. Ba ya ko cika ƙaramin cokalin shayi. Ke an ce ki zuba babban cokali a lita ɗaya, wato kin ninka iyakar sau da yawa, kuma mai shan alewar ɗan shekara huɗu ne da nauyin jikinsa kusan rubu'in na babba ne. Abin da ake aunawa da sikeli mai nuna ɗigon giram ba a ɗibarsa da cokalin cin shinkafa.

Abin takaici na gaba, ko da an auna daidai, a tukunyarki ba zai yi aikin da aka saye shi dominsa ba. Benzowet sai a abu mai tsami yake aiki, inda ma'aunin tsami da ake kira pH ya sauka ƙasa da 4.5. Kankana da gwanda suna sama da 5, wato tsaminsu bai kai ba. Saboda haka kin ɗura wa yara sinadari fiye da kima, ƙwayoyin cuta kuma suna can suna hayayyafa abinsu, ke kuwa kin saki jiki kin bar alewar a waje don an yi miki alkawarin wata guda. Da babu garin, da tsoron fumfuna ya sa kin saka ta a firij. Wannan sakin jikin da garin yake jawowa ya fi ba ni tsoro a kan garin kansa.

Akwai kuma masu wayo da suke haɗa benzowet da garin bitamin C don su ce alewarsu tana ƙara lafiya. An tabbatar cewa waɗannan biyun in sun haɗu a abin sha, musamman da zafi da hasken rana, suna iya samar da benzin, sinadarin da aka san yana haddasa kansar jini. Ki tuna alewarki a faranti take wuni a bakin makaranta, rana tana dukanta.

Haka nake faɗa game da garin kala da ake ƙullawa ba suna. Ba mu manta ba, a 2015 Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana, FDA, ta kama manja da aka gauraya da rinin Sudan IV a kasuwannin Accra, rinin masana'antu da ba a halatta a abinci ba. Wanda bai ji nauyin zuba rini a manjan miya ba, me zai hana shi ƙulla miki shi a matsayin kalar alewa? Ke da kike da sobolo mai ba da ja, da mangwaro mai ba da rawaya, ba ki da wata bukata a wajensu. Kin guje wa jelatin don kina tsoron abin da ba ki san asalinsa ba, kuma kin yi daidai. Wannan tambayar da kika yi wa jelatin ita ce za ki yi wa kowane gari kafin ya shiga tukunyarki. Masu sayar da irin wannan kuma su ji tsoron Allah. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma miƙa wa uwa abin da kai kanka ba ka san sunansa ba kana rantsuwa a kan amfaninsa, algus ne.

Fumfuna kuma ba a kankare ta a ci sauran. A abu mai laushi da ruwa, saiwoyinta sun riga sun ratsa ciki tun kafin ki ga tabon a sama.

To mafita fa? Hanya biyu ce, ki zaɓa gwargwadon abin da kike so.

In ta gida ce ko ta sayarwa a ranar, ki ci gaba da agar-agar ɗinki: kofi ɗaya na ruwan 'ya'yan itace, wato mililita 250, da ƙaramin cokali biyu na garin agar-agar, ki jiƙa shi a ruwan tun yana sanyi, ki tafasa minti biyu zuwa uku kina juyawa, lemon tsami kuma sai kin sauke, don dafa agar-agar da tsami na dogon lokaci yana kashe masa ƙarfi. Amma ki ɗauke ta a matsayin ɗanyen abinci: firij, a rufe, kwana uku zuwa huɗu. In dumsor, wato yankewar lantarki, ya ɗauke wuta wuni guda, lissafin ya rushe. Ki yi daidai abin da zai ƙare.

In kuwa alewar da za ta jure tebur kike so, sai ki koma fektin, wanda ake samu daga ɓawon lemo da tuffa, shi ma babu dabba a ciki, kuma ya fi agar-agar taushi a baki. A nan sukari da wuta ne suke yin tsaron. Markaɗaɗɗen mangwaro ko abarba giram 500, sukari kusan giram 550, ruwan gulukos giram 100, fektin na alewa giram 12. Ki cuɗa fektin da ɗan sukari kafin ki zuba, in ba haka ba zai yi gudaji. Ki dafa kina juyawa ba ƙaƙƙautawa har ma'aunin zafi ya nuna digiri 107. Za ki ga kumfar ta yi nauyi tana fashewa a hankali, cokali yana barin hanya a gindin tukunya. Ki sauke, ki zuba lemon tsami babban cokali biyu, ki juye a faranti da sauri don tsamin yana shiga take fara kamawa. Ki bar ta ta sha iska kwana ɗaya ko biyu a ƙarƙashin raga, ki yanka, ki birgima a sukari, ki rufe a gwangwanin da iska ba ta shiga. Da hunturu tana bushewa da kyau. Da damina sukarin jikinta yakan jiƙe, sai ki rage yawan da kike yi. Kada ki rage sukari ki ce kina tausayin yara sannan ki sa ran ta daɗe. Mai ƙarancin sukari ta firij ce. Kuma kada ki tallata wa masu ciwon sukari wannan da sunan ai 'ya'yan itace ne.

Ga ƙananan yara irin ɗanki, ki yanka ta ƙanana sosai, su sha a zaune kina kallo. Agar-agar ba ya narkewa a baki, dunƙule mai santsi yana iya toshe maƙogwaro.

Tunda har kin fara kai wa yaran makaranta, sana'a ce ke nan, kuma dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ɗora wa FDA kula da abincin da ake sarrafawa don sayarwa. Na san mata da yawa suna gudun ofis saboda tsoron takardu da kuɗi, sai su faɗa hannun 'yan ƙulli. Amma tun 2020 hukumar tana da tsarin lasisi hawa-hawa na ƙananan masu sarrafa abinci, kuma tana da ofis a nan Kumasi. Ki je da kanki ki tambaya, kada ki bi ta hannun ɗan tsakiya. In wata rana sana'ar ta girma har ta bukaci sinadarin ajiya, za ki saye shi a rufaffiyar leda mai sunan sinadarin, da sunan kamfani, da shaidar cewa na abinci ne, da ranar ƙarewa, a auna tsamin alewarki, a rubuta miki giram nawa za ki zuba. Ƙullin da ke hannunki kuwa, bayan likita ya gani, ki kai wa FDA shi ki faɗa musu a wace kasuwa aka ba ki, don na tabbata ba ke kaɗai aka ƙulla wa ba.